A Durƙushe Kan Jujin Jan Ƙarfe: Yadda Muka Ƙirga Gansakukar Cornwall

Wata lamba ce ta tsayar da ni a gaban allon sanarwar sashenmu: 0.16. Takardar neman masu taimakon aikin daji ce, kuma an rubuta a ciki cewa akwai wata gansakuka wadda in aka tattara duk wadda ke tsirowa a yankin Cornwall da ke kudu maso yammacin Ingila aka jera ta wuri guda, kiyasin da masana suka taɓa yi bai wuce murabba'in mita 0.16 ba. Na ciro biro na lissafa a tafin hannuna. Santimita 40 a tsaye, santimita 40 a kwance. Sallayata ta rufe ta har da ragowa mai yawa. A ranar na rubuta sunana.

Ni 'yar Bukuru ce. Kakana ya yi lebura a filin kuza, kuma mun tashi muna ganin tsibin ƙasa da tafkunan da masu haƙa suka bari, waɗanda iyaye ke hana yara zuwa kusa da su. Abin da ya kai ni garin Penryn a Cornwall, inda makarantar haƙar ma'adinai ta Camborne take a yanzu, shi ne karatun digiri na uku kan gyaran ƙasar da haƙa ta lalata. Makarantar tun 1888 take, kuma injiniyoyi da dama da ta yaye sun yi aiki a filayen kuza na Jos zamanin Turawa. Don haka na je da fahimta guda a kaina: jujin da masu haƙa suka bari ciwo ne a jikin ƙasa, maganinsa a rufe shi da ƙasa mai kyau a shuka ciyawa da itatuwa. Wannan 'yar gansakuka ita ta fara girgiza mini wannan fahimta.

Kalmar gansakuka a wurinmu ta haɗa abubuwa biyu. Akwai koren kumfan da ke rufe kududdufi, akwai kuma wanda ke yin kamar karan-miski a gindin katanga ko bakin rijiya da damina. Na biyun nake nufi. Shi tsiro ne sosai, da kara da ganye, sai dai ba ya fure, ba ya 'ya'ya, ba shi da saiwa irin ta hatsi sai wasu zarurruka da yake riƙe ƙasa da su. Irinsa ya kai wajen 12,000 a duniya. Wadda muka je nema sunanta na kimiyya Ditrichum cornubicum, mutanen wurin kuma suna kiranta gansakukar hanyar Cornwall, domin a gefen 'yan hanyoyin ƙafa na tsofaffin mahaƙa take zama.

Kafin a bar mu mu taka wurin sai da aka zaunar da mu wuni guda. Shugabar aikin dattijuwa ce, ta yi shekaru tana bin gansakuka, magana a hankali, hannu kullum cikin aljihun rigar ruwa. Ta fara da tarihin. Wata masaniya, Jean Paton, ita ta fara ganinta a 1963 a bakin hanya kusa da ƙauyen Lanner, ta kuma bayyana wa duniya ita a matsayin sabon iri a 1976. Wancan wuri na farko ta ɓace daga gare shi. Yau a Birtaniya wurare biyu kawai aka san tana nan, duka a gefen tudun Bodmin: tsohuwar mahaƙar Phoenix United kusa da ƙauyen Minions, da kuma Crow's Nest a gindin tudun Caradon. Sai a 2006 wani masani, David Holyoak, ya gano ta a tsallaken teku, a tsohuwar mahaƙar jan ƙarfe ta Allihies a yankin Cork na ƙasar Ayalan. Iyakar gidajenta ke nan a duniya baki ɗaya. Ta ce mutanen Cornwall sun je haƙa a Allihies a ƙarni na 19, shi ya sa wasu ke zaton a tafin takalmi ko jikin kayan aiki ta haye ruwa.

Daga nan ta shiga doka, fuskarta ta canja. Gansakukar tana cikin jerin tsirran da dokar kare namun daji da karkara ta 1981 ta hana a cire ko a lalata. Ba mai tsinkar ko sili ɗaya sai wanda ke da lasisi daga hukumar kula da muhalli ta Natural England, kuma a cikinmu ita kaɗai ke da shi. Wuraren biyu ma an keɓe su a hukumance saboda tsirran da ke jure wa ƙasa mai ƙarfe. Ta ce, "Idanunku na ke so, ba yatsunku ba." Aka raba mana gilashin ƙara girma mai ninka abu sau 20, da igiyar rataya shi a wuya, da takarda wadda ruwa ba ya jiƙa ta, da fensir, domin biro ba ya rubutu a cikin ruwan sama. Aka ce kowa ya wanke takalminsa tas da buroshi kafin ya zo, kada ya kwaso irin wata ciyawa daga wani wuri.

A daren na kira gida. Babana sunan mahaifiyarsa na ci, don haka ba ya faɗin sunana. Na ba shi labari, ya yi shiru, sannan ya ce, "Uwata, wannan abin magani ake yi da shi?" Na ce a'a, Baba. "Dabbobi na ci?" Na ce ba sa ci. Ya ce, "To, Wanda ya halicce ta ya san dalili. Ki sa kaya masu kauri."

Aikin na hunturu ne, domin da bazara gansakukar kan bushe ta lafe, ba a ganinta. Muka kama jirgin ƙasa na asuba zuwa Truro, muka canja zuwa Liskeard, daga can mota ta hau da mu Minions, ƙauyen da ke kusan mita 300 sama da teku. Gari bai gama wayewa ba sai wajen ƙarfe takwas. Abin da na fara gani shi ne dogayen bututun hayaƙi na dutse da kangon ɗakunan injin tururi, tsaye cikin hazo, ba rufi. Phoenix United ta fara da jan ƙarfe, ta koma kuza, aka rufe ta a 1914. South Caradon da ke kusa da Crow's Nest ta yi tashe da jan ƙarfe daga shekarun 1830 har zuwa 1885. Hukumar UNESCO ta sa wannan yanki cikin wuraren tarihi na duniya a 2006. Tumaki da ƙananan dawakai suna yawo sakaka, ba makiyayi. Tsibin ƙasar kuwa, launinsu da yadda ruwa ya zaizaye su, sai da ƙirjina ya buga, domin tamkar na leƙa bayan gidanmu ne.

Shugaba ta kai mu gefen wata tsohuwar hanyar amalanke, ta tsaya, ta nuna ƙasa da sandarta ba tare da ta taɓa ba. Ta ce ga ta nan. Na duba ban ga kome ba sai tsakuwa da laka mai duhu. Na durƙusa a kan 'yar katifar roba da aka ba mu, ban gani ba. Ta ce in kwanta. Na kwanta rubda-ciki, na kai gilashin dab da idona kamar yadda aka koya mana, sannan na sunkuyar da kai har hancina na jin warin ƙasar, wani wari kamar na tsohon kwabo a jiƙaƙƙen hannu. Sai duniyar ta buɗe. Tsakuwa ta zama duwatsu, ɗigon ruwa ya zama tafki, a tsakaninsu kuma ga wasu 'yan silla tsaye, kore mai duhu mara sheƙi, kowane bai wuce milimita biyu ko uku ba, ganyayyakin gajeru suna nuna sama kusa da kara. Ba su yi cincirindo ba, a warwatse suke kamar gero da ya fito jefi-jefi a gona mai tsakuwa. Na daɗe a haka har sai da numfashina ya rufe gilashin da tururi.

Hanyar ƙirgar ba wuya a faɗe. Akwai firam na roba mai mita ɗaya kowane gefe, an ɗaure masa zare ya rabu gida 100, kowane gida santimita 10. A aza shi a wurin da aka aza bara, a bi gida-gida, a rubuta akwai ko babu. Na'urar GPS ta hannu kan yi kuskuren 'yan mitoci, wanda a wannan aiki daidai yake da ɓata gari guda, don haka da tef ake auna wurin daga wani dutse ko ginshiƙi da ba ya motsi, a gwada da hoton shekarar da ta wuce. Mutum biyu ke aiki tare, ɗaya na dubawa, ɗaya na rubutu, a riƙa canjawa. Kuma daga waje ake miƙa wuya, ba a dafa hannu a cikin firam.

A aikace kuwa, firam ɗaya kan ci fiye da awa. Iska na kaɗa zaren, ruwa na gangarowa ta wuyan riga, yatsu su sandare har fensir ya gagari riƙo. Rana gajera ce ƙwarai, kafin ƙarfe huɗu da rabi magariba ta yi, ga azahar da la'asar kusan a manne. Nakan raɓa da bangon wani kangon ɗakin inji inda iska ba ta kai ba in yi salla, abokin aikina, wani saurayi ɗan yankin wanda kakansa ma mahaƙi ne, ya tsaya ya riƙe mini firam kada ya tashi.

A wunin farko na yi kuskure babba, kuma shi ya fi koya mini aikin. Na cika takardata da alamar akwai, gida bayan gida, raina fes, ina ganin na samo abin da ya gagari wasu. Da shugaba ta zo ta kwanta a gefena, ta bi gidajen ɗaya bayan ɗaya ba ta ce uffan ba. Can ta ce in sake duba na uku daga hagu, in kalli inda ganye ya haɗu da kara. Na duba, sai ga wasu 'yan ƙulle-ƙulle cunkushe a hammatar ganyen. Ta ce wannan Pohlia annotina ce, tana da yawa a kan juji, ba ta cikin haɗari ko kaɗan. Wasu gidajen kuma 'yan Dicranella ne, ganyensu ya fi tsawo da lanƙwasa. Cikin duk abin da na rubuta, kaɗan ne suka tsira. Kunya ta kama ni, na ba ta haƙuri. Ta ce in goge in sake daga farko, kuma in tuna cewa "akwai" na ƙarya ya fi "babu" na ƙarya illa, domin shi ne ke sa a ce majiyyaci ya warke a sallame shi. Na sake. Duhu ya same mu ban gama ba, washegari na dawo na ƙarasa.

Daga ranar na fara ganin darajar rubuta "babu". Mafi yawan takardunmu babu ce jere da babu. Da farko abin na kashe mini jiki, daga baya na gane cewa da ita ake sanin iyakar inda gansakukar take, da ita kuma ake gane ta janye daga inda take bara. Wanda ya duba bai gani ba bai rubuta ba, gobe ba mai sanin an taɓa dubawa.

Akwai wata 'yar'uwarta, Ditrichum lineare, da ke kama da ita har masana kan yi jinkiri. A irin wannan sai shugaba ta ciro ɗan hantsaki ta ɗauki sili biyu ko uku da 'yar ƙasarsu, ta sa a ambulan ta rubuta lambar firam. A ɗakin gwaji muka wanke ƙasar a hankali da ɗigon ruwa a kan gilashi, muka sa a ƙarƙashin madubin hangen ƙananan halittu. A jikin zarurrukan da ke cikin ƙasa sai ga 'yan dunƙule masu launin ƙasa-ƙasa. Da na gan su abin da ya faɗo mini shi ne aya. Duk wanda ya taɓa noman gonar da aya-aya ta kama ya san labarin: ka share sama tas, ƙwayar na ƙasa tana jiran ruwa. Haka wannan take rayuwa. Ba a taɓa ganin ta fitar da ƙoƙon iri irin na sauran gansakuka ba, domin duk waɗanda aka samu maza ne, ba a ga mace ba. A gansakuka dole ƙwayar namiji ta yi iyo cikin danshi ta isa wurin mace kafin a sami irin da iska za ta ɗauka ta kai nesa. Ita ba ta da wannan hanya. Sai dai 'yan dunƙulen nan, waɗanda ba sa tafiya sai an kwashe su da laka a kofato ko taya ko takalmi. Wannan ya bayyana mini me ya sa take manne da gefen hanya, me ya sa kuma ga tsofaffin mahaƙa birjik a Cornwall amma ba ta isa gare su ba.

Sai tambayar da ta fi damuna: me ke kashe ta, tunda ba mai cire ta? Amsar ta zo mini a wuni na huɗu, a wani firam da hoton shekarun baya ya nuna fili fetal. Yanzu ciyawa ta rufe rabinsa, wata gansakuka mai kauri da ake gani a kowane lambu ta shimfiɗu a sauran, ga kashin tumaki a tsakiya. Ita wannan tamu ba jan ƙarfen take ci ba, jure masa take yi. Ƙasar da gubar jan ƙarfe ta hana sauran tsirrai zama, nan ta sami wurin da ba mai yi mata inuwa. To fiye da shekara ɗari ke nan da daina haƙa. Ruwan sama na wanke ƙarfen daga saman ƙasa a hankali, ganye na ruɓewa yana yin taki, dabbobi na ƙara nasu. Ƙasa na gyaruwa, ita kuwa gyaruwar ƙasa ita ce ajalinta. Tsiron da bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba, ciyawa ɗaya ta isa ta rufe masa rana.

Tumakin ma lamarinsu da wuyar sha'ani. Takunsu na hana ciyawa kafuwa, yana kuma iya ɗaukar 'yan dunƙulen zuwa gaba, amma kashinsu taki ne. In aka kore su duka ciyawa ta taso, in suka yi yawa ko aka riƙa zuba musu abinci a wurin, taki ya taru. Haka mutane: sawun masu yawo kaɗan na taimaka mata, amma a zuba wa hanyar sabuwar tsakuwa ko kwalta, ko mota mai nauyi ta murje wurin, shi ke nan an shafe gida guda cikin ukun da take da su. Mun sha tsintar kashin tumaki da hannu cikin safar roba muna zubawa a bokiti, kuma ban taɓa jin aikin ya fi ƙarfina ba.

Bayan daji sai tebur. Muka shigar da kowane gida cikin kwamfuta, aka ɗora a taswira, aka tura wa masu ajiye bayanan tsirrai. A nan na koyi yadda ake yanke wa halitta matsayi a jan kundin ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, wato jerin halittun da ke fuskantar barazanar ɓacewa. Ba da tausayi ake yi ba, da ma'auni ne. Ɗaya daga ciki shi ne a shimfiɗa wa taswira raga mai gidaje kilomita 2 kowane gefe, a ƙirga gidajen da halittar ke ciki. In jimillar ba ta kai murabba'in kilomita 2,000 ba, ana iya sa ta a matakin masu rauni. Ƙasa da 500, matakin haɗari. Ƙasa da 10, matakin dab da ɓacewa. Amma ƙanƙantar wuri kaɗai ba ta isa ba, sai an haɗa da wasu sharuɗɗa, kamar ƙarancin wuraren zama da shaidar cewa tana raguwa. Wannan shaida kuwa ba inda take fitowa sai daga takardu irin namu, shekara bayan shekara. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ko da faɗin tafin hannu ne gansakukar ta rufe, a wannan lissafi za a rubuta mata murabba'in kilomita 4. A takarda ta fi yadda take a ƙasa girma ninkin-ba-ninkin. A ganina duk mai karanta irin waɗannan alƙaluma ya kamata ya san haka, kada ya ga lamba ya saki jiki.

Tana cikin kundin a sahun waɗanda ake fargabar ɓacewarsu, kuma dokar kare tsirrai ta Ayalan ta 2015 ma ta ambace ta. Ba ita kaɗai ba ce. Binciken da aka fitar a 2019 kan gansakuka da danginta a nahiyar Turai ya duba iri 1,817, ya sami kashi 22.5 cikin ɗari suna fuskantar barazana. A kan jujin da muke aiki ma akwai wasu 'yan mitsi-mitsin danginta na Cephaloziella, baƙaƙe kamar zaren gashi, su ma masu jure jan ƙarfe ne, su ma ba su da yawa a duniya. Don gudun ɓacin rana, lambun binciken tsirrai na Kew da ke Landan ya raini wannan gansakuka a cikin kwalabe, ya kuma daskarar da wani sashe cikin sanyin da ya kai digiri 196 ƙasa da sifiri. Na ji daɗin jin haka, amma abin da ke kwalba ajiya ce, ba ya maye gurbin wadda ke bakin hanya tana shan ruwan sama.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda hannuna ya yi nauyi a kansa. Maganin da masu kula da wurin suka gano shi ne a kankare saman ƙasa, a ɗebe ciyawa da takin da ya taru, a tono ƙasar ƙarƙashi mai guba ta fito fili. An yi irin wannan a wurin har da motar haƙa, kuma shirin ceto halittun Ingila da ya gudana daga 2017 zuwa 2021, wanda ƙungiyar kare tsirrai ta Plantlife ke cikinsa, ya sa wannan gansakuka cikin waɗanda ya ba muhimmanci. Namu ƙarami ne, da izini a rubuce, a wani gefe da aka tabbatar ba ta nan amma tana kusa. Da kaka muka koma da shebur da magirbi da baro. Na tsaya riƙe da shebur a gaban koriyar ciyawa mai kyau, irin wadda littattafan karatuna ke nunawa a matsayin nasara, an ce in cire ta. Shugaba ta lura. Ta ce, "Kin iya fartanya?" Na ce tun ina ƙarama. Ta ce to yi kamar firi, kada ki zurfafa, domin ƙila akwai 'yan dunƙulen na kwance a ƙasa. Na sunkuya na fara. Muka yanka ciyawar falle-falle, muka kwashe ta da baro zuwa nesa don kada takin ya dawo da ruwa. Da ƙasar ƙasa ta bayyana, ga tsakuwa masu ɗigon shuɗi-kore a jikinsu, shaidar jan ƙarfe. Muka tattake wurin da ƙafa ya ɗan daddanne, muka auna shi da tef, muka ɗauki hoto. Da na juya na kalle shi, fili ne tsirara mai muni, irin wanda a gida za a ce an ɓata.

Na faɗa wa Baba wannan a waya. Ya yi dariya mai sauti, ya ce shi dai bai taɓa jin an yi noma don a kori ciyawa a bar tsakuwa ba. Sannan ya ce, "Uwata, in kin zo da damina ki taho da gilashin nan. Zan raka ki tsibin da ke bayan gida, mu ga abin da ke kai." Na ce in sha Allahu. Tun daga lokacin na ƙara babi a bincikena, kan cewa kafin a rufe kowane juji a fara kwantawa a duba shi, kuma na shirya kare wannan ra'ayi a gaban malamaina ko da za a yi ta ja.

Hunturun da ya biyo muka duba wurin da muka kankare, gida 100, babu 100. Na rubuta su duka. Shugaba ta ce a ba shi lokaci. Sai a hunturu na biyu, wata safiya mai sanyi ba ruwa, raɓa ta daskare a kan zaren firam, na fara daga kusurwar hagu ta sama kamar kullum. Layi na ɗaya babu, na biyu babu. A layi na shida, kusa da gefen da ke kallon tsohuwar hanya, na ga sili huɗu a gindin wata tsakuwa. Ban yi magana ba. Na duba hammatar ganyen, ba ƙulle-ƙulle. Na duba tsawon ganyen da tsayuwarsa. Na ɗaga kai na goge gilashin da gefen mayafina na sake dubawa. Sannan na soka tsinken sakace a gefensu na kira shugaba.

Ta zo a hankali saboda gwiwarta, ta shimfiɗa katifarta, ta kwanta. Ta daɗe. Da ta ɗago, laka a haɓarta, sai ta ce wa abokin aikina, "Layi na shida, gida na tara. Rubuta akwai." Ya rubuta. Na matsar da katifata santimita goma zuwa dama, na sa ido a gida na goma.